Hujin da Ke Ƙeyar Hula

Aike ne mai sauƙi: a kai hula wajen mai wanki. Abdulbaƙi ya naɗe ta a baƙar leda, ya cusa a aljihu, ya hau babur daga Jahun ya nufi Dutse, rana ta riga ta yi ja.

Hular ta kawunsa ce, Honarabul Idirisu, jagoran 'yan adawa da aka harbe a mota dab da zaɓe. Labarin da ya bazu shi ne 'yan bindiga sun tare hanya sun buɗe wuta ta gaba. Da hukuma ta ce sai likita ya buɗe gawar, dangi suka yi tsalle suka dire, daga ƙarshe suka yarda in har nasu zai tsaya ya gani. Aka tura Abdulbaƙi, wai shi ne mai taurin zuciya. Ina taurin yake! Tun ranar bai ƙara iya cin nama ba.

Gobe kwamitin bincike zai saurare shi. Jiya kuwa Alhaji Misbahu, aminin marigayi da aka ba takara a madadinsa, ya zo har gida, ya tuna masa cewa wanda ya ga sirrin gawa ba ya faɗa, amana ce. Ya tambayi lafiyar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har da sunan makarantarsu. Sannan ya ce hular nan da likita ya miƙa wa Abdulbaƙi, a wanke ta tas kafin a ba Hajiya, matar marigayi. Abdulbaƙi ya gane karatun sarai, kuma ya ji tsoro, tsoro na gaske.

Gonaki sun yi shiru, sai ƙaurin karan da ake ƙonawa. Can nesa wani ladani ya fara kiran magariba. A bakin kwalbati ya hango dattijo tsaye cikin farar babbar riga, kansa ba hula.

Tun nan ya kamata ya farga. Wane dattijo ne zai saɓa babbar riga ya fito kai tsirara? Amma kuma ba a wuce babba a hanya da magariba. Ya tsaya ya yi sallama. Aka amsa ƙasa-ƙasa, fuska a juye, aka hau bayansa.

Babur bai ko lotsa ba.

Ba su yi nisa ba warin ya iso. Maganin nan na ɗakin gawa, mai yaji a ido. A ƙarƙashinsa kuma ƙamshin miski, irin wanda ya sani tun yana yaro.

Ɗis. Ɗis. Kamar famfon ɗakin nan da ya ƙi rufuwa.

"Ɗan Yaya," aka raɗa masa a kunne.

Mutum ɗaya ne a duniya yake kiransa haka, shi kuma da hannunsa ya sa shi a kabari.

"Ni a kwance nake, ban gani ba. Kai ka gani. Faɗa min."

Ya matsa birki, birki ya ƙi. Bakinsa ya buɗe da kansa. Ya faɗi teburin ƙarfe da sanyinsa. Ya faɗi yadda jini ya manne hular da gashi, sai da aka jiƙa ta kafin ta fita. Goshi lafiya lau, ƙirji ko ƙwarzane babu. Da aka juya gawar ne aka ga ɗan huji a ƙeya, gashin wurin a babbake, kamar yadda zaren hular ya babbake. Likita ya kalli jami'in hukuma da ke tsaye a wurin, jami'in ya kalli bango. Harsashi ya faɗa kwanon silba, ƙwal.

Yatsa ya sauka a ƙeyarsa, da sanyi kamar ƙanƙara.

"Nan?"

"Ƙasa kaɗan, Kawu."

Yatsan ya zame a hankali, ya tsaya. Ya danna.

"Wa ke zaune a bayana?"

Duk jihar an san Honarabul ba ya zama gidan baya, kusa da direba yake zama. An kuma san wanda ba ya rabuwa da kujerar bayansa. Abdulbaƙi ya ga fuskokin 'ya'yansa. Ya haɗiye sunan.

Fitilar babur ta mutu.

Wani hannu ya zagayo ta haƙarƙarinsa, ya shiga aljihu. Leda ta yi ƙara.

Yatsan yana shiga. Ya ji fata ta buɗe.

Ya ƙwalla sunan da duk ƙarfinsa, har daji ya amsa. Babur ya yi cikin gona da shi.

Makiyaya ne suka tsince shi a kunyar gero, yana salati haƙora na haɗuwa. Ba su ga kowa ba, ba sawu. Ledar tana aljihunsa a ƙulle yadda ya ƙulla ta, ba komai a ciki. Hular kuwa tana kansa, a jiƙe, an karya ta gefen hagu irin karin marigayi.

Kafin gari ya waye ya tura matarsa da yara Miga, wajen kakanninsu. A ƙeyarsa gashi ya yi fari fat, daidai faɗin kan yatsa, kuma har yau bai koma baƙi ba. Bai ƙara goya kowa a babur ba.

Da hantsi ya shiga zauren kwamiti da hular a hannu, ba a wanke ba. Alhaji Misbahu ya taso da murmushi, ya ja kujera ya zauna daidai bayansa. Shugaban kwamiti ya tambayi shaida ko yana da wata buƙata kafin ya fara.

"Ɗaya ce, ranka ya daɗe," in ji Abdulbaƙi. "A ce wa Alhaji ya dawo gabana. Kawuna ma a bayansa Alhaji ya zauna."