Saurayin da Ke Tura Babur

Ranar wata Asabar bayan sallar La'asar Salahuddeen ya fara shiga lungun su Haulat, can bayan Ƙofar Sauri. Malamin dabbobi ne da ke aiki a Batagarawa, an kira shi ya duba ragon gidan Alhaji Gwadabe da ya ƙi cin abinci. Lungun siriri ne kuma ba ya ɓullewa, don haka ƙarar babur ɗinsa ta cika shi tun daga baki har ƙarshe. Ya jingine babur ɗin a kunne, ya leƙa zaure da sallama.

Abin da ya gani ya tsayar da shi. Tabarmi a shimfiɗe, yara birjik, amma babu na zaune. Wasu sun kwanta rub da ciki sun toshe kunnuwa, wasu sun cusa kai bayan ƙyaure. A tsakiyarsu wata doguwar budurwa ce durƙushe cikin hijabi ruwan toka, rungume da wata ƙaramar yarinya da jikinta ke ɓari.

Ta ɗago ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, don girman Allah kashe shi."

Ya fita da sauri ya kashe. Da ya dawo sai ya tarar ta riga ta manta da shi.

"Ku tashi zaune, 'yan albarka. Ga ƙosai nan an soya, ku shaƙi ƙamshinsa ta hanci. Yawwa. Ga koko kuma da zafi, ku hura shi a hankali kada ya zube. Mairama, hura naki."

Yaran suka shaƙa, suka hura, suka sake. Kafaɗu suka fara sauka. Can ta ce su miƙe su zama zalɓe, kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya ya buɗe hannuwa. Wani ya tuntsura, dariya ta ɓarke, zauren ya dawo hayyacinsa.

Sai bayan ya yi wa rago allura ta yi masa bayani. Sunanta Haulat, nas ce, 'yar mai gidan. Yaran kuwa iyayensu sun baro ƙauyukansu ne bayan hare-hare, suka kama haya a wannan lungu saboda shirunsa. Maharan a kan babura suke zuwa. Ta koyi yoga, wani salon motsa jiki na mutanen Indiya, a wani kwas na ma'aikatan jinya, ta zaɓi miƙa jiki da sarrafa numfashi, ta nuna wa limamin unguwa ya ce babu laifi, ta sa wa kowace tsayuwa suna irin namu: zalɓe, kyanwa, raƙumi, bishiyar kuka. Da bisimilla suke farawa, da hamdala suke rufewa.

Salahuddeen ya koma wurin yaran. Sannan ya durƙusa gaban Mairama, yarinyar da ke ɓari ɗazu, har tsawonsu ya zo ɗaya.

"Ki yafe mini. Na yi miki alkawari, babur ɗina ba zai ƙara kuka a lungun nan ba."

Yarinyar ta ce, "Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ya tura babur ɗin da hannu har bakin titi. Haulat na tsaye a ƙofar zaure tana kallonsa, ba ta koma ciki ba sai da ya sha kwana.

Rago ya warke, amma malamin dabbobi bai daina zuwa duba shi ba. Hajiya Rukayya, mahaifiyar Haulat, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin ragon da aka yi wa irin wannan zirga-zirga ba. Daga ƙarshe ya nemi izinin zuwa zance, aka ba shi. Kullum a bakin titi yake kashe babur, ya turo shi yana gumi.

Saƙonsa na farko bayan an ba shi izini ya ce:

"Assalamu alaikum, Malamar zalɓe. Yau na gwada tsayuwar nan taku a ofis, na faɗa kan buhun dussa. Ina neman gurbi a ajinki, ko a layin baya ne."

Ta amsa:

"Wa alaikumus salam. Ajina na yara ne, Likita. Amma idan ka ci gaba da ladabi za a duba maganarka. Allah ya huci gajiya."

Ya rubuto:

"Sanyin idona, ladabi ai yanzu na fara."

Ta karanta, ta kife wayar a kan cinya, ta rufe fuska da hijabi ko da yake babu kowa a ɗakin.

Sai dai mutanen lungu suna da idanu. A majalisar bakin masallaci aka fara magana. Wasu suka ce ba shi da kuɗin mai. Wasu suka ce a'a, ai a titi da gudu yake tafiya, sai ya zo kusa da gidan Alhaji yake kashewa don kada a ji zuwansa. Wannan fassarar ta biyu ce ta isa kunnen Alhaji Gwadabe. Shi ɗan kasuwar hatsi ne, yana fita da safe, ba ya dawowa sai magariba, bai taɓa ganin ajin 'yarsa da idonsa ba.

Ya kira Haulat gaban mahaifiyarta.

"Mi na ji ana faɗi? Yaron nan saɗaɗowa yake kamar mai satar kaza. Mu da muka yi neman aure, unguwa duka sai ta san mun iso. Mai niyyar alheri ba ya ɓoye sawunsa."

Haulat ta sunkuyar da kai. "Baba, saboda yaran ne. Ƙarar babur tana firgita su."

"A Katsina? Garin da ko'ina ka juya babur ne? Ɗiyata, kin yi boko, amma ba ki san samari ba. Ko ya shigo kamar yadda maza ke shigowa, kowa ya ji shi, ko ya daina zuwa. Ga Ashraf ɗan aminina, tuni yake son a ba shi dama."

Ba ta yi musu ba, don ba a haka aka rene ta ba. Ta shiga ɗaki ta rubuta:

"Likita, Baba ya sa sharaɗi. Ka shigo da babur a kunne sau ɗaya kawai, ya ji da kunnensa. Zan kwashe yaran in kai su gidan gwaggona a ranar. Ba za su sani ba."

Amsar ta ɗan jima kafin ta iso.

"Sanyin idona, Allah ya sani ba ni da burin da ya wuce ke. Amma yarinyar nan ta tambaye ni ko sau ɗaya, na ce ko sau ɗaya. Mutane da yawa sun yi mata ƙarya a rayuwarta. Idan na saɓa mata a bayan idonta don in same ki, ban cancanci ke ba. Zan zo in yi wa Baba bayani da bakina."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta rubuta amsa mai zafi, ta goge. Ta yi alwala ta yi nafila, tana kuka tana jin haushinsa, can ƙasan haushin kuma wani abu na tasowa wanda ta daɗe kafin ta yarda ta kira shi da sunansa. Alfahari take yi da shi.

Ya je kasuwa ya durƙusa gaban Alhaji ya yi bayani. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Na ji. Sharaɗina yana nan." Salahuddeen ya yi godiya ya tashi. Daga ranar bai ƙara taka lungun ba, kuma ya daina turo saƙo, don ya ce ba zai yi zance ta waya da yarinyar da mahaifinta ya hana shi ba.

Makonni suka shuɗe. Haulat ta rame, amma aji bai tsaya ba. Ta koya wa yaran su rufe ido su lissafa abin da kunnensu ke ji: tattabara, daka, kiran mai talla. Iyaye mata suka fara kawo labari. Wannan ya daina fitsarin kwance, waccan ta koma makarantar boko. Mairama takan tambaya, "Anti, ina mai rago?" Haulat ta ce yana aiki.

Wata Asabar Alhaji ya dawo da wuri, don ya ba Ashraf lokaci ya zo gaisuwa. Ya sa babbar rigarsa, ya ratso ta zaure zai fita ya tarbi baƙi. Yaran na tsaye sun zama bishiyar kuka, ƙafafu a kafe, hannuwa a sama. Ya ɗan tsaya yana kallo yana murmushi.

Sai ga Ashraf da abokansa a kan manyan babura. Ba mugunta ce ta kawo su ba, so suke unguwa ta san sun iso. Suka shigo lungun a jere suna murza totur, bango na amsawa.

Zauren ya kife. Yara suka zube suna ihu, wani na kiran sunan babansa da ya rasu. Mairama ta ruga ta shige cikin babbar rigar Alhaji, ta ƙanƙame ƙafarsa. Ya ji bugun zuciyarta a ƙaurinsa kamar za ta faso ƙirji. Tana ta maimaitawa, "Sun zo, Baba, sun zo, ka ɓoye ni."

Alhaji ya daskare. Murmushin ya ɓace daga fuskarsa.

Haulat ta durƙusa tsakiyar tabarma, muryarta ba ta girgiza ba.

"Ku dube ni. Nan gidanmu ne, nan Katsina ce. Ku ɗora hannu a ciki. Shaƙa. Hura. Lado, kai ne babba, ja mu."

Lado, wanda da farko ba ya ko yarda a rufe ƙofa yana ciki, ya tashi zaune yana hawaye, ya fara shaƙa da ƙarfi don a ji. Na kusa da shi ya bi. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi, alhali babura ba su daina ruri a waje ba. A da sai an yi magariba ana lallashi. Yau kafin a kai ga haka kowa ya zauna, hannu a ciki, ido a kan malamarsu.

Alhaji ya sunkuya ya ciro Mairama daga rigarsa, ya ɗauke ta, ya fita da ita a kafaɗa.

"Ashraf! Ku kashe su!"

Aka yi tsit. Ashraf ya dubi yarinyar, ya dubi zauren, kunya ta rufe shi. Ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba." Alhaji ya ce, "Ni ma an faɗa mini, ban sani ba. Je ka, Allah ya haɗa ka da rabonka."

Da ya koma ciki ya daɗe yana kallon 'yarsa tana naɗe tabarmi.

"Haulatu, wanga aiki kike yi a zaurena, ni ina can ina auna gero?"

"Da albarkarka ne, Baba."

Ya shige ciki yana share ido da hannun riga.

Washegari da hantsi Alhaji Gwadabe ya yi abin da ba a saba gani ba. Bai aika kowa ba, bai jira a sake zuwa roƙonsa ba. Ya ɗauki ƙanensa suka tafi gidan mahaifin Salahuddeen. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Na zo biko ne. Na kori ɗanku bisa zato, kuma ya fi ni gaskiya. Idan har yanzu yana so, na ba shi."

Salahuddeen yana Batagarawa aka kira shi. Kafin azahar saƙo ya shigo wayar Haulat:

"Assalamu alaikum, amaryata. An ce in daina kiran ki da wani suna sai wannan. Don murna na kasa yi wa saniyar mutane allura. Ki yafe mini kukan da na sa ki."

Ta amsa:

"Wa alaikumus salam, angona. Ranar da ka ƙi abin da na roƙe ka, ranar na tabbata kai nake so. Ka gama da saniyar mutane tukuna. Alhamdu lillahi."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a a masallacin unguwa, jama'a har titi. Ango ya kama gida a kusa, don amarya ta ci gaba da aji, Alhaji kuma ya sa aka yi wa zauren siminti da fenti, ya ce daga yau na yaran ne. Iyayen yaran suka zo da ƙwaryar fura da nono, suka cika tsakar gida da guɗa.

Da za a kai amarya aka shigar da ita wurin mahaifinta. Ta durƙusa tana kuka. Ya dafa kanta, ya ɗaga murya yadda duk matan da ke bakin ƙofa za su ji.

"Ana ta yi mini tsiya a majalisa, wai uban mace ya tafi roƙon miji. Ku faɗa musu na je, da ƙafata, da rana tsaka. Ɗiya irin wannan ba a ba kowa ita, sai an nemo wanda ya kai. Na nemo, na samu. Tashi, Malama. Na yafe miki duniya da lahira."

Haulat ta tashi. Wannan ne karo na farko da ya kira ta Malama.

Allah ya sanya albarka a wannan gida, ya ba su zuriya mai jin ƙai, ya sanyaya zukatan yaranmu a duk inda suke. Amin.