Fuskar da Salihu Ya Goge

Ranar Talata, goma ga Sha'aban, ana kiran magariba, Salihu ya shiga shagon Bilyaminu a kasuwar garin Suki.

Bilyaminu ɗan kawun matarsa Juwairiyya ne. Ya dawo daga Khartum da kwamfuta, yana fasa fayilolin wasannin labari masu hotuna, ya ciro zanen ciki ya zuba wa mutane a waya. Ya taɓa nuna wa Salihu yadda suke fitowa: ɗakuna daban, mutane daban, kowa da fuskokinsa a jere. Abin da ke cin ran Salihu shi ne, duk ranar da Juwairiyya ta kai wayarta shagon, da dariya take shigowa gida.

Bilyaminu ya roƙe shi ya tsare masa shago, ya tafi masallaci. Ya bar wani fayil yana buɗewa.

Salihu ya zauna yana duba. Hoto na farko tsakar gida ne, babu kowa. Ga randa, ga gadon igiya mai karyayyiyar ƙafa.

Gidansa ne.

Sai ga Juwairiyya. Zane ne, amma ita ce, har da tabon goshinta. Fuskar fushi. Fuskar gajiya. Sai ta dariya, ido a lumshe, tana kallon wani da ba a zana ba.

Salihu ya danna fuskar dariyar. Ya goge ta.

Wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya. Allon bai mutu ba.

Warin lakar kogi ya cika shagon. Wani abu ya yi numfashi a bayan kunnensa, ya raɗa da muryar Juwairiyya:

"Maigida, ai kai nake kallo."

Sabon zane ya fara fitowa daga ƙasan allon. Takalman Salihu ne. Tafin ƙafarsa ya yi sanyi, ya mutu.

Zanen ya kai gwiwa. Sanyin ya kai gwiwa.

Ya fizge igiyar kwamfutar. Zanen bai tsaya ba.

Ya faɗi ƙasa, ya ja ciki yana a'uziyya, har ya fito cikin masu dawowa daga salla.

Waɗanda suka rage bayan haka su ne: Bilyaminu, wanda ya rantse babu komai a fayil ɗin sai zanen 'yan makaranta, ya sayar da kwamfutar ya koma gona; Salihu, wanda yake dogara sanda har yau; sai Juwairiyya, tana girki, tana salla, tana amsa gaisuwa yadda ya kamata. Ba a ƙara jin dariyarta ba.