Ranar da Baba Ya Tuna

Muryarsa Auta ta fara ji kafin ta ga fuskarsa.

Lokacin dogon hutu ne, ƙaramar kwalejin nan ta coci ta zama kamar gidan da aka yi ƙaura. Ɗalibai sun watse, ciyawa ta cinye filin ƙwallo, sai 'yan tsirarun da suka tsaya aikin hutu. Auta kuwa ba ta da inda za ta, don a cikin kwalejin aka haife ta. Mahaifinta ne malamin ƙungiyar mawaƙa, wanda kowa ke kira Baban Waƙa.

Shi ne ya aike ta ɗakin sujada ta ɗauko masa littattafai. Tana shiga ta tarar da wani saurayi a kan tsani yana shafa wa taga fenti, yana rera waƙar yabo da murya mai daɗin gaske, amma ya saki hanya tun daga layin farko.

"Bawan Allah," in ji ta, "me waƙar nan ta yi maka kake karya mata wuya?"

Ya leƙo, da fenti a goshinsa. Ya daɗe yana kallonta kafin ya yi murmushi.

"Au, ashe akwai malamai a kusa. To Malama, a gyara min."

Ta rera masa layin. Ya maimaita, muryarsa ta cika ɗakin har tsikar jikinta ta tashi. Ta koma gida ba littafi ko ɗaya a hannunta, sai labarin wani mai fenti.

Sunan ya bi shi ke nan. Baban Waƙa ya sa aka kira masa Mai Fenti, ya saurare shi sau ɗaya, ya ce ya samu magaji. Daga nan ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, yana koya masa yana yi masa faɗa, wanda a wurin Baba duk abu ɗaya ne. Su kuwa yaran, abin da ke tsakaninsu ya yi ta girma a cikin waya.

"Malamata, yau Baba ya sa na maimaita layi ɗaya har maƙogwarona ya bushe. Na jure ne kawai don ina hango ki ta taga kina shanya."

"Mai Fentina, ka daina kallon taga, ka kalli hannun Baba. In ya kama ka babu ruwana."

"Ai ke kika riga shi kama ni."

Da shekarar Mai Fenti ta ƙarshe a kwalejin ta zo, Baba ya tsara sabuwar waƙa domin bikin yaye ɗalibai. Ya yi wata da watanni yana aikinta, kuma a tsakiyarta ya bar wani wuri inda kowa zai yi shiru, murya ɗaya ta tashi ita kaɗai. Ba sai an faɗi muryar wa ba.

Ana gobe biki, wani kamfanin gine-gine a babban birni ya kira Mai Fenti, aka ce ya zo da safe ko a ba wani. Yana da ƙanne a bayansa, ga uwa ba lafiya. Babu wanda zai ga laifinsa don ya tafi. Laifinsa ɗaya, ya kasa haɗa ido da Baba ya faɗa masa.

"Malamata, na shiga mota. Na zo ƙofarku sau biyu na kasa sallama. Ki faɗa wa Baba, ki ba shi haƙuri."

Auta ta karanta, ta dubi mahaifinta yana goge takalminsa na biki yana ɗan rera waƙar a hankali. Ita ma bakinta ya yi nauyi. Ta ce bari sai anjima, anjima ta zama gobe.

Washegari, gaban shugabannin coci da iyayen yara, mawaƙa suka kai wurin nan suka yi shiru. Baba ya ɗaga hannu ya juya inda magajinsa ke tsayuwa. Babu kowa. Hannun ya daɗe a sama, har wani yaro a cikin taro ya yi dariya.

Shekara na zagayowa Mai Fenti ya turo manyansa neman auren Auta. Baba ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa, sannan ya ce, "Wanda ya bar waƙa a tsakiya zai bar mace a tsakiya. Ban ba shi ba." Aka yi roƙo, aka yi magiya, ko gezau.

Ana cikin haka ƙaramin faston kwalejin ya fara zuwa gaisuwa gidan, gaisuwar da ta fi ƙarfin zumunci. Baba ya so abin. Auta ta ba faston haƙuri a asirce, shi kuma ya janye cikin mutunci, amma kafin nan magana ta riga ta kai birni, an ƙara mata gishiri, wai Auta za ta auri fasto.

"Na ji labari. Ubangiji ya sanya alheri."

Wannan saƙo na Mai Fenti ya yi mata zafi fiye da hanin Baba. Ko tambayarta bai yi ba! Cikin fushi ta rubuta:

"Tunda ka yarda da abin da ka ji, kada ka sake nema na."

Shi kuma, da yake mutum ne mai biyayya a inda bai kamata ba, bai sake nemanta ba. Haka wauta ta gamu da 'yar'uwarta, suka cinye musu shekarun da suka fi kowane daɗi a rayuwa.

Auta ta kama aiki a ofishin tsofaffin ɗalibai. Ita ke aika gayyata, ita ke sanar da auren wance da haihuwar wane, tana taya kowa murna da bakin da bai kai zuci ba. Baba ya yi ritaya, sai mantuwa ta fara kama shi. Da farko makulli, daga baya sunayen mutane, har ta kai wata rana ya tambaye ta ko mamanta ta dawo daga kasuwa, matar da ta rasu tun Auta na ƙarama.

Kowane dogon hutu tsofaffin ɗalibai sukan dawo su yi mako guda. Su kwana a ɗakunansu na da suna ƙorafin katifa, su gyara abin da ya lalace, su buga ƙwallo da tumbinsu a gaba, ranar Lahadi kuma su yi waƙa a sujada. Mai Fenti bai taɓa zuwa ba. A wannan shekarar, tana zaune tana raba makullan ɗakuna, sai ta ji an ce, "Malama, akwai sauran ɗaki?"

Ya yi ƙiba kaɗan, gashin gaban kansa ya fara ja da baya. Ta miƙa masa makulli.

"Ina iyali?" ta tambaya, idonta a kan tebur.

"Babu. Ina fasto?"

"Yana gidansa da matarsa da 'ya'yansa."

Ta ga lokacin da maganar ta isa zuciyarsa, ya dafa tebur kamar wanda jiri ya ɗauka.

"Ba ki aure shi ba?"

"Da ka tambaya tun lokacin, da ka ji."

"Kin ce kada in neme ki."

"Yau ka fara jin mace ta yi fushi?"

Suka so su yi dariya, sai hawaye ya riga ta fitowa.

Da yamma ya je gaida Baba. Ya durƙusa yana jiran faɗa, amma tsohon ya tarbe shi da fara'a kamar baƙon da bai taɓa gani ba. Yayar Auta, wadda ta zo hutu da yaranta, ba ta tsaya wata-wata ba.

"Baba, wannan bawan Allah Auta yake so."

"To madalla! Yaro mai hankali. Na ba ka."

Yaya ta rangaɗa guɗa. Auta ta tashi ta shige kicin.

"Ke wace irin yarinya ce?" in ji Yaya da ta biyo ta. "An ba ki a hannu kina neman ƙari?"

"Yaya, bai san shi ba. Da mai gyaran famfo ne ya durƙusa, haka zai ce masa. Wanda ya hana ba shi ne ya bayar ba."

"To sai ki zauna har ki tsufa?"

"Sau ɗaya na ɓoye wa Baba magana, kin ga inda ta kai mu. Ba zan lallaɓa in saci amincewarsa don ba ya cikin hayyacinsa ba."

Ta gwada yi wa Baba bayani, ta ce wannan ne yaron da ya hana. Ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, sannan ya tambaye ta ko an ba kaji ruwa. Kwanaki suka yi ta tafiya, ranar Litinin kuma kowa zai kama gabansa.

"Malamata, in bai tuna ba har abada fa?"

Ta karanta saƙon nasa a waya, ta amsa.

"Gobe za a kawo shi wurin gwajin waƙa. Ka rera masa waccan ta bikin yaye. In ya tuna ya sake hanawa, mu haƙura. Ka yarda?"

"Ina tsoro. Amma na gudu sau ɗaya, ya isa."

Ranar Asabar da hantsi aka zaunar da Baba a kujerar gaba. Auta ta raba wa mawaƙan tsofaffin takardun waƙar, waɗanda suka halarci wancan bikin suka dubi juna. Aka fara. Baba yana ta wasa da bakin rigarsa, sai a hankali hannunsa na dama ya tashi da kansa yana ba da lokaci. Suka kai wurin, kowa ya yi shiru, Mai Fenti ya ɗauka.

Bai kai rabi ba Baba ya buga sandarsa a ƙasa.

"Tsaya!"

Ya miƙe babu wanda ya taimaka masa. Fuskar nan ta fara'a ta tafi, ta da ce ta dawo, wadda ɗalibai ke tsoro. Gaban Auta ya faɗi, ga murna ga fargaba, don rabon da ta ga mahaifinta na gaske har ta manta.

"Kai ne."

"Ni ne, Malam." Mai Fenti ya zube a ƙasa.

"Ka bar ni da hannu a sama. Gaban mutane."

"Na yi kuskure, Malam. Tsoronka ne ya hana ni faɗa maka."

"Baba," in ji Auta, "ya aiko in faɗa maka tun ana gobe. Ni ce na yi shiru."

Ya juyo ya dube ta, irin duban da ya daɗe bai yi mata ba, daga sama har ƙasa.

"Auta. Yaushe kika girma haka? Ina mijinki?"

"Ban yi aure ba, Baba."

"Saboda maganata?"

Ta sunkuyar da kai.

Tsohon ya koma kujera a hankali. Da ya buɗe baki, muryarsa ta karye.

"Na ce in hukunta yaro, ashe 'yata na hukunta. A kan waƙa. Waƙar da ni kaina na manta da ita." Ya share ido da bayan hannu, ya dubi tsofaffin ɗalibansa. "Ku matso ku shaida. Na san kaina ba daidai yake ba, ban sani ba ko gobe zan same shi a wurinsa. Amma yanzu na san ko ni wane ne, na san wannan, na san abin da ya yi min. Na yafe. Na ba shi Auta. Ku yi sauri, kada ku ƙara ɓata ko kwana ɗaya saboda ni."

Auta ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka, ya dafa ta da hannu ɗaya, ɗayan a kan Mai Fenti. Manyan mutane masu furfura suka yi ta fyace hanci.

Kafin hutu ya ƙare aka ɗaura auren a ɗakin sujadar, tsofaffin ɗalibai suka sake cika kwalejin. Da aka fito, Auta ta je ta durƙusa gaban mahaifinta da farar rigarta, angonta a gefenta. Baba ya dube su da fara'ar nan tasa ta baƙi.

"Kai, amaryar nan ta yi kyau. 'Yar wane ne?"

Ta ɗago ta dube shi.

"'Yarka ce, Baba. Kai ka ba da ni."

"Ni?" Ya yi dariya, ya ji daɗi. "To ashe na kyauta. Ubangiji ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya bar ku tare har tsufa."

"Amin, Baba," suka ce.