Ƙofar Bayan Hawa na Huɗu

Ƙarfe bakwai da minti arba'in na safiyar Litinin aka bugo waya ofishin 'yan sanda na gabashin birnin Port of Spain. Mai maganar ya ce sunansa Aldwyn Fortune, manajan rukunin gidajen haya na Belle Rive, kuma ya tsinci gawa.

Sufeto Hollis Gittens ya ajiye burodinsa da kifi a kan tebur, ya ce Kofur Indra Seepersad ta fito da mota.

Belle Rive benaye uku ne masu hawa huɗu-huɗu, mallakar wata ƙungiya da ke ba masu ƙaramin ƙarfi haya da rahusa. Duk wanda ya samu ɗaki a nan sai da ya yi shekaru yana jira. Ranar Lahadi da rana wuta ta tashi daga wayar lantarki a hawa na uku na benen tsakiya. 'Yan kwana-kwana suka kashe ta cikin awa biyu, suka rubuta cewa ba a rasa rai ba.

Manajan ya tare su a bakin ƙofa, rigarsa fara a goge, tarin mukullai a ƙugu.

"Mis Ermine Quashie ce, Sufeto. Ɗaki na sha shida. Tela ce, shekara sittin da ɗaya. Allah ya ji ƙanta, amma akwai taurin kai."

"Taurin kan ne ya kashe ta?"

"Zo ka gani da idonka."

A hawa na huɗu akwai wani siririn lungu da ya zagaya bayan ɗakuna, ya ƙare a jikin koriyar ƙofar ƙarfe mai fita zuwa matakalar baya. Ƙofar a wangale take, rana na shigowa. Matar tana kwance rub-da-ciki a gindinta.

"Ka gani ko?" in ji Fortune. "Taku ɗaya ya rage mata. Hanyar tsira a buɗe, yadda doka ta ce. Ni dai ina jin komawa ta yi ɗauko wani abu, hayaƙi ya ci ƙarfinta. Ka san mata da kaya."

Kofur Seepersad ta ɗago kai daga littafinta ta dube shi, ta ci gaba da rubutu.

"Me ya sa ba a gan ta jiya ba?" Sufeto ya tambaya.

"Kowace Lahadi tana garin San Fernando wurin 'yarta. Haka na gaya wa 'yan kwana-kwana. Sun duba ɗakuna, ba su shigo lungun nan ba."

Sufeto ya tsuguna. Baƙin hayaƙi ya rufe bango, ya rufe ƙasa, ya rufe bayan matar. Amma a saman baƙin, a kan rigarta, wani abu na ƙyalli kamar yashi mai laushi, kuma rigar ta sha ƙananan huji-huji irin na tartsatsi. Ya juya hannayenta. Gefen tafukan biyu ya kumbura, fata ta fashe.

"Kofur, shiga ɗaya daga cikin ɗakunan nan ki ciro mini maganaɗisun da ake mannawa a jikin firij."

Ta kawo wani mai siffar abarba. Ya ratsa shi a saman rigar ba tare da ya taɓa ta ba. Ƙyallin ya yi tsalle ya maƙale. Ɓarɓashin ƙarfe ne.

Ya miƙe ya duba gefen ƙofar. A wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ƙarfen fari ne tas, ko ɗigon hayaƙi babu.

"Akwai matsala ne, Sufeto?"

"Kada kowa ya taɓa ƙofar nan. Har kai."

An zuba mutanen benen a zauren wata majami'a da ke gangaren titi. Maƙwabciyar mamaciyar, wata dattijuwa 'yar ɗaki na sha biyar da ake kira Tanti Merle, tana zaune a kan katifa, ta rungume jakar magungunanta.

"Tanti, ƙofar baya ta hawanku, a buɗe take zama?"

"Kullum, ɗana. Dare da rana."

"Ina kike shanya?"

"A taga."

"Sauran benaye biyun duk a matakalar baya suke shanya. Na ga igiyoyi tun daga sama har ƙasa. Naku ne kaɗai babu ko zare."

"Gwiwa ce, ɗana. In ka kai shekaruna za ka sani."

"Ɗakuna sha shida, duk gwiwa?"

Ta gyara ɗankwalinta. "Kai ɗan wane ne a Gittens ɗin? Na san wata Gittens mai sayar da waina a bakin kasuwa. Ita ma tambaya ta yi mata yawa, shi ya sa wainarta ke ƙonewa."

"Tanti, mace ta mutu."

"Na sani! Shekara ashirin muna aron gishiri." Ta rage murya. "Mista Fortune ya zo da safe. Ya ce in an gama gyara, ƙungiya za ta sake duba wa zai koma, wa ba zai koma ba. Shekara tara na yi ina jiran ɗakin nan. Ina zan je? Ai ni tun ranar da Bisnath ya..."

Ta toshe bakinta da hannu.

"Wane ne Bisnath?"

"Ban ce komai ba."

Shagon Bisnath mai walda yana tsallaken titi, daura da Belle Rive. Duk ƙarafan tsaron da ke tagogin unguwar aikinsa ne.

"Belle Rive? Haba yallaɓai, ban taɓa sa ƙafa ciki ba. Su manya ne, 'yan kwangila suke kira."

"Ina injinka na yankan ƙarfe?"

"Yana wurin gyara."

Kofur Seepersad ta ɗaga wani buhu a ƙarƙashin benci. Injin na nan. A bakin faifansa akwai koren fenti.

"Ga shi ya dawo daga gyara da ƙafarsa," ta ce.

Bisnath ya goge goshinsa da gefen hannu. "Ara aka yi. Mista Fortune ya zo ƙarfe shida na safe, ya ce reshen mangwaro zai sare."

"Da injin ƙarfe?"

"Ni ma na yi mamaki, yallaɓai."

"Mangwaron nan koren fenti gare shi? Bisnath, zaɓi ɗaya. Ko ka shiga takardata a matsayin shaida, ko ka shiga bayan mota."

Mutumin ya zauna a kan tukunyar gas. "Watan Fabrairu ne. Ya ce in liƙe ƙofar bayan da walda, wuri uku. Na ce masa, Mista Fortune, wannan fa ta gobara ce. Ya ce ni aka ba gidan ko shi? Na liƙe. Da kyau na liƙe, yallaɓai. Aikina ba ya ɓallewa."

"Na gani a hannun mamaciyar," in ji Sufeto.

Da azahar Sufeto ya sa aka buɗe siton Belle Rive. A bayan gwangwanayen fenti, jingine da bango, ga sabuwar ƙofa cikin ledarta, irin wadda ake turawa daga ciki ta buɗe, amma ba ta buɗuwa daga waje. Takardar da ke jikinta ta nuna wata takwas ke nan da ƙungiya ta aiko ta, bayan 'yan kwana-kwana sun ba da umarnin a sauya tsohuwar. A ofishin manaja kuma akwai kwafin amsar da aka mayar musu: an kammala aiki. Da sa hannun Aldwyn Fortune.

Sufeto ya jera takardun biyu a kan teburin manajan, ya ɗora maganaɗisun cikin ledarsa a kai. Kofur ta shigo da Tanti Merle, ta ba ta kujera.

"Mista Fortune, ɓarɓashin nan a saman hayaƙi yake, ba a ƙarƙashi ba. Wato bayan wuta ta mutu aka yanke ƙofar. Kuma tana kwance a wurin aka yanke."

"Wa ya ce ni ne?"

"Bisnath."

"Mashayin nan?"

"Injinsa ba ya sha."

Fortune ya buɗe durowa a hankali, ya fito da wata doguwar takarda, ya miƙa. "To karanta wannan. Su suka roƙe ni. Sau uku ɓarayi suna hawowa ta baya. Sun ɗaure Tanti ɗin nan da igiyar shanyarta, sun kwashe mata talabijin. Mutum sha biyar cikin sha shida suka sa hannu in rufe."

"An aiko maka ƙofar da ɓarawo ba zai iya buɗewa daga waje ba."

"Ba ka san mutanen nan ba, Sufeto. Na sa irinta a bene na ɗaya. Kwana biyu, suka tokare ta da bulo don su riƙa sauka shanya. Ƙofar da ke buɗuwa, a Belle Rive, buɗaɗɗiya ce. Walda kaɗai suke ji."

"Wa ya ƙi sa hannu?"

Fortune ya kau da kai.

"Ermine," Tanti Merle ta ce. Tana kallon jakarta. "Ta ce mun gina wa kanmu murhu. Muka daina gaishe ta. Wata biyu ban yi mata magana ba."

"Jiya fa, Tanti?"

"Tanti Merle," in ji Fortune, "ki tuna da abin da muka..."

"Rufe mini baki, Aldwyn. Na san ka tun kana yawo ba wando." Ta juya ga Sufeto. "Ina tsakar gida ta baya. Na ji ana dukan ƙarfe daga sama. Na kamo hannunsa, na ce Aldwyn, akwai mutum. Ya ce zafi ne ke sa ƙarfe ƙara, Ermine tana San Fernando. Ga 'yan kwana-kwana nan, taku goma. Ban je ba. Ya ce zafi ne."

"Dukan ya daɗe?"

"Ya daɗe."

Kofur Seepersad ta daina rubutu.

Fortune ya cire mukullan daga ƙugunsa ya ajiye a kan tebur. "Da na tura su can, da sun ga waldar. Shekara sha tara ina aikin nan. Na ce a raina wataƙila da gaske zafin ne."

"Da safe fa? Da ka gan ta?"

"Ta riga ta mutu, Sufeto. Mai binciken gobara zai zo ƙarfe tara. Me zan yi mata?"

"Ko ja da ita gefe ba ka yi ba."

"In na motsa ta, ai za ku gane."

"Tana kwance a gindin ƙofar. A ina ka tsaya ka yanke waldar saman?"

Fortune ya dubi takalmansa. "Lungun ƙarami ne," ya ce.

Sufeto ya gaya masa laifin da ake tuhumarsa da shi, Kofur ta sa masa ankwa.

Mutanen Belle Rive sun taru a tsakar gida lokacin da aka fito da shi. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya yi masa sallama. Motar mutuware ta riga ta tafi. 'Yar mamaciyar na hanya daga San Fernando. An dai gaya mata mahaifiyarta ba ta da lafiya.

Sufeto na shirin shiga mota sai wani dattijo ɗan hawa na biyu ya taɓa masa hannu.

"Yallaɓai, afuwa. Tambaya ce ƙarama."

"Ina ji."

Dattijon ya nuna sama, inda koriyar ƙofar ke wangale a kan matakala.

"Kayanmu duk suna ciki, ga gida ba kowa. Yanzu da kuka kama shi, wa zai rufe mana ita?"