Gwanin Jifa da Gwaggonsa

"Ni ko idona a rufe, inda na ga dama nan ƙwallo za ta!" in ji wani tela a wani gari.

Wasan besbol ne na na'ura da ake jonawa da talabijin, wani ya jefa ƙwallo, wani ya doke ta da kulki. Mai jifa zai riƙe abin dannawa mai waya, ya danne madanni, ya saki daidai lokacin da allurar da ke yawo a fuskar talabijin ta hau kore. Shi kuwa tela gaggawa gare shi. Ya jefa, ta yi sama. Ya jefa, ta ci ƙasa.

Gwaggonsa mai kaɗin auduga tana gefe kullum tana kallo, har ta gane. Ta ce, "Ɗan nan, kamar mazari ne. Danna, jira, saki."

Ya ce, "Gwaggo, ke dai ji da zarenki."

Ran nan mutanen ƙetaren rafi suka zo gasa, aka sa rago ga wanda ya ci. Tela ya karɓi abin dannawa. Ya jefa, mai kulki ya doki iska. Ya sake, mai kulki ya kuma dukan iska. Gari ya ɗau sowa.

Daɗi ya kwashe shi, ya rufe ido, ya ɗaga hannu biyu sama yana rawa. Sai ga jifa na uku ya tafi sak!

Aka waiwaya. Wayar abin dannawarsa tana reto, ba a ma jona ta ba. Gwaggo ce a bayansa riƙe da wani abin dannawa da aka jona, tana cewa, "Danna, jira, saki."

Tela ya durƙusa a gaban kowa. "Gwaggo, na gode. Ashe ke ce."

Ta ce, "Tashi, gwani. Buɗe idon tukuna."