Lambar da Kaka Ya Zaɓa wa Fijonsa

Ranar Alhamis da la'asar sakaliya Kaka ya aike ni garejin Manasseh da ke unguwar Turaki, in karɓo sabuwar lambar motarsa. An yi yayyafi, gari sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na hau keke mai ƙafa uku daga unguwarmu Barade, ina ta ɗaukar muryar direban a raina don in kwaikwaya wa 'yan gida ita. Aikina ke nan tun ina ƙarama. Ni ce Hamna, wadda in baƙo ya yi magana sau biyu a gidanmu, to ya bar mini muryarsa.

Motar tsohuwar Fijo ce, fara. Kakana Hammanjoda ya saye ta shekarar da aka haifi mahaifiyata. Ta yi shekara ashirin da ɗoriya a yashe a gonarsa, can gindin dutse, sai bara ya ce a tashe ta. Wata bakwai Manasseh ya yi a kanta. Da ta dawo gida tana ƙyalli, Kaka ya ce lambar kowa da kowa ba ta dace da ita ba, irin ta musamman yake so, wadda mai mota ke zaɓar abin da za a rubuta.

Ya zaɓi ASTA 76. Sunan Dada ke nan, mahaifiyata, da shekarar haihuwarta.

Sai wanda ya san Kaka zai gane nauyin wannan. Dada ce 'yarsa ta fari, shi kuwa Bafulatanin da ne, kunyar ɗan fari ta zauna masa a harshe. Shekara arba'in da takwas bai taɓa furta sunanta ba. In yana nemanta sai ya yi gyaran murya ya ce, "Ke 'yar nan." Ko a ofishin lamba ma, a takarda ya rubuta ya tura wa ma'aikaciyar, da ta karanta a fili sai ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Manasseh ya miƙo mini lambobin biyu naɗe a tsohuwar jarida, ya ce gobe da safe zai zo ya ɗaura. Na ce me ya hana yanzu, ga keke na jira.

"Ni ba na taɓa wannan mota da yamma," in ji shi.

Ya rage murya ya ba ni labarin ranar da suka buɗe ta a gona. Waje duk tsatsa da ciyawa, amma ciki ba ƙura, ba kashin ɓera, ba ko yanar gizo. Kujerar direba kuma da ɗumi, kamar yanzu mutum ya tashi. Na maimaita masa maganar da irin Hausarsa, har da yadda yake karkace baki. Kullum in na yi haka dariya yake. Ranar bai yi ba.

Ina isa gida ana kiran magariba. Na yi kiciɓis da Kaka a ƙofa da sandarsa, zai tafi masallaci.

"Amarya, kin kawo sadakin?"

"Na kawo, tsoho. Ka yi sauri kada liman ya rasa mai tari a sahun gaba."

Ya ɗaga mini sanda, ya wuce. Na tsaya har ya sha kwana. Dada tana kicin. Sai na ce bari in ɗaura lambar da kaina, ya dawo ya gani. Na ɗauki sukuddireba na zagaya bayan gida, inda motar take ƙarƙashin rumfar kwano.

Na durƙusa na ɗaura ta gaba. Na ja baya na kalle ta. Haruffan sun fito ras a ɗan hasken da ya rage. Nan shaiɗancina ya motsa. Na ce shin ya sunan nan zai fito a bakin Kaka? Ba wanda ya taɓa ji. Na ranƙwafa, na dafa sandar ƙarya, na yi gyaran muryarsa, na karanta lambar da muryarsa sak.

"Asta."

Na fara dariya. Dariyar ta tsaya a hanya.

Kwaɗin da ke ta kuka a magudana sun yi shiru gaba ɗaya.

Sai na ji tak. Tak. Tak. Irin ƙarar da inji ke yi in an kashe shi yana hucewa. Tun Litinin ba a tada motar ba. Na taɓa bonet da yatsa. Zafi.

Wani wari ya fito, kamar turaren wuta da aka haɗa da ƙonannen gashi. Motar ta ɗan nutse ta gefen direba, ta yi ƙiiƙ, yadda take yi in mutum ya gyara zama.

Gilashin duhu. Ban ga kowa ba.

"Aas... ta."

Murya ce karkatacciya, kamar ta mai koyon magana. Ta yi shiru. Sai gyaran murya. Na Kaka. Sannan ta kira da kyau, da ƙarfi, har ya ratsa tsakar gida.

"Asta."

Ta fi ni iyawa.

Na ji ludayi ya faɗi a kicin.

Dada ce ta hore mu tun muna yara: in ka ji kira da magariba ba ka ga mai kiran ba, kada ka amsa. Wanda ya amsa ya ba da kansa. Ita ta koya mana. Amma ga ta ta zagayo, hannunta jiƙe da ruwa, takalmi ɗaya a ƙafa. Fuskarta ba ta uwata ba ce, ta ƙaramar yarinya ce da aka yi wa tsaraba.

Ta wuce ni ko kallona ba ta yi ba.

Na buɗe baki in ce Dada, Kaka yana masallaci. Iska kawai ta fito.

"Asta."

Na biyu ke nan. A hankali wannan karon, da taushi.

Ƙofar baya ta buɗe kanta. Ciki baƙi ƙirin. Zafi na fitowa kamar numfashi.

Taku uku ya rage mata. Hawaye na bin kumatunta. Na ga leɓɓanta suna haɗa na'am.

Na sake gwada muryata. Babu.

Daga cikin motar na ji an ja numfashi.

Ban san lokacin da na ranƙwafa ba. Na yi gyaran murya daga can ƙasan maƙogwaro, na saki abin da ta saba ji duk rayuwarta.

"Ke 'yar nan."

Ta juyo. Jikinta ne ya juyo kafin hankalinta.

Na finciko hannunta. Muka faɗi a laka, muka tashi. A bayanmu ƙofar ta rufe da ƙarfi har kwanon rumfa ya amsa. Muka shige ɗaki, na danna sakata. Dada tana karanta Ayatul Kursiyyu tana sarƙewa, ni ina bin ta da leɓe kawai. Sai da muka ji ƙarar sandar Kaka a zaure muryata ta dawo.

Na faɗa masa komai, har da nawa laifin. Bai yi faɗa ba. Ya dubi Dada, ya buɗe baki, ya rufe, ya shiga ɗakinsa.

Da safe Manasseh ya zo ya kwance lambar. Kaka ya sa aka ja motar aka mayar da ita gona, daidai inda aka ɗauko ta. Ya ce mazauna cikinta su yi haƙuri, bai san da 'yan haya a ciki ba.

Har yau ina kwaikwayon kowa, ban da Kaka. Na gwada ni kaɗai a ɗaki. Muryar ba ta nan.

Wata rana muna tsince shinkafa, Dada ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Da kin bari ya ƙarasa na ukun, Hamna. Ba amsawa zan yi ba. Ji kawai nake so."

Tun ranar, da an kusa magariba sai in nemi abin da zai zaunar da ni kusa da ita.

Shekaranjiya na makara a kasuwa har magariba ta wuce. Na dawo na tarar da ita a kicin tana girki, tana 'yar waƙa. Takalmanta na bakin ƙofa, jage-jage da jar lakar gonar Kaka.