Auta da Kwandon Guntayen Fata

Auta 'yar aji biyar ce. Babanta baduku ne. Yana ɗinka jaka da takalmi a wani ɗan shago da ke manne da gidansu. In ta dawo daga makaranta, nan take zama tana kallon hannunsa.

A ƙarƙashin teburin Baba akwai kwando cike da guntayen fata. Baba yana da doka ɗaya a kan kwandon nan. Duk ƙarfen da ya shigo shagon, sai an gwada shi a kan guntu kafin ya taɓa fatar aiki. Auta ta ji maganar nan ta fi sau ɗari, har ta daina shiga kunnenta.

Wata rana Malama ta ce wa 'yan aji, "Nan da mako biyu, ranar Juma'a, kowa ya kawo abin da ya yi da hannunsa."

Auta ta ce ita jakar fensir za ta ɗinka. Da ta gaya wa Baba, sai ya buɗe akwatinsa ya ciro wata jar fata mai laushi. Faɗinta bai wuce littafin rubutu a buɗe ba.

"Ita ke nan ta rage," in ji shi. "Majemin da ke kawo min irinta sai wata mai zuwa. In kin ɓata, babu wata."

"Ni in ɓata? Haba Baba!"

Abu ɗaya ne ya dame ta, wato kayan aikin Baba. Basillar da yake huda fata da ita ta tsufa, ƙotarta ta tsage an naɗe da zare. Kuma huji ɗaya-ɗaya take yi. Auta ta ga wannan aikin ɓata lokaci ne.

Da yamma ta leƙa wayar yayanta. Nan ta ga hoton kayan dukanci guda ashirin daga ƙasar waje, suna ta walƙiya. A cikinsu har da wani mahuji mai haƙora shida. Bugu ɗaya, huji shida! Ga arha, abin da ke cikin asusunta ma ya isa.

"Yaya, saya min wannan!"

"Tsaya mu karanta abin da waɗanda suka saya suka rubuta a ƙasa."

"Kai dai danna kawai. Ba ka ga an rubuta saura biyu ba?"

"Kullum saura biyu ne, sarkin gaggawa. Kin gaya wa Baba?"

"So nake ya gani da idonsa kawai."

Yaya ya girgiza kai, ya danna.

Kayan ba su iso da wuri ba. Kafin nan Baba ya taya ta yanka fatar, ya ja mata layin ɗinki. Saura huji da ɗinki, amma Auta ta ƙi taɓa basilla. Kullum sai ta ce gobe.

Sai ranar Laraba mai babur ya kawo ɗan kwali. Baba ba ya nan, ya tafi kai wa wani takalminsa. Auta ta shige shago da gudu ta farke kwalin. Kayan ba su kai girman na hoton ba, kuma suna da maiƙo a jikinsu. Amma kai, ga ƙyalli!

Ta shimfiɗa jar fatar a kan katako. Ƙafarta ta taɓa kwandon guntaye. Ta dube shi, ta taɓe baki.

"Abu sabo fil, me za a gwada?"

Ta ɗora mahujin a kan layi, ta buga da guduma. Huji shida suka fito ras. Ta yi tsalle don murna. Ta matsar da shi gaba, ta sake bugawa da ƙarfi.

Wannan karon haƙori ɗaya ya lanƙwashe, ya yage fatar har baki. Da ta ɗaga mahujin kuma, sai ga baƙin mai ya zauna a wurin. Ta jiƙa tsumma ta goge, tabon ya ƙara faɗi. Ta ɗauki sabuwar wuƙar da ke cikin kayan don ta yanke inda ya yage. Ashe wuƙar ba kaifi. Wuƙar ta ja fatar, ta karkace, ta cinye kusan rabi.

Auta ta zauna a ƙasa. Hawaye suka zubo mata.

Mama ta leƙo. "Auta, lafiya na ji kin yi tsit?"

Auta ta nuna mata fatar.

"Subhanallahi! To, ba ni za ki yi wa bayani ba. Mai shagon yana hanya. Ki share hawayenki, ki gaya masa gaskiya."

Da Baba ya dawo, ta gaya masa komai, tun daga wayar Yaya har wuƙar. Bai yi faɗa ba. Ya juya fatar gaba da baya, ya ajiye.

"Jawo kwandon."

Ta jawo. Baba ya ɗauki tsumma ya goge kayan ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan man ana shafa shi ne don kada su yi tsatsa a hanya. Gogewa ake fara yi."

Sannan ya shiga gwada su a kan guntaye. Allurai suna da kyau, zaren ma da ƙarfi. Wuƙar ya wasa ta a dutse, ta yi kaifi. Da ya zo kan mahujin, ya danna wani haƙorin a bakin tebur, nan take ya lanƙwashe.

"Ƙarfen banza ne," in ji shi. "Auta, da a kan guntu ya lanƙwashe, me kika rasa?"

"Guntu."

"Yanzu fa?"

"Jar fatata," ta faɗa a hankali.

"To, kin gani. Arha ba laifi ba ce, ni ma ina sayen kayan waje. Amma hoto ba ya yanka fata. Sai kin gwada za ki san abin da kika saya."

"Baba, babu ko 'yar kaɗan a akwatin?"

"Na gaya miki babu."

Auta ta ɗora fensir a kan abin da ya rage. Fensirin ya fi shi tsawo. Ga shi Juma'a saura kwana biyu. Ta zura wa kwandon ido, can sai ta sa hannu ta fara tonawa. Ta ciro wani dogon guntu baƙi, ta jera shi kusa da jan.

"Baba, in na haɗa su fa?"

"Aikinki ne. Haɗa mu gani."

Baba ya daidaita mata bakin da wuƙa. Ta ɗauki tsohuwar basillar nan mai naɗin zare. Kafin ta taɓa fatar, sai da ta soka ta a guntu sau biyu. Baba ya juya kai yana murmushi.

Huji ɗaya-ɗaya ta yi, ranar nan da washegari, har yatsanta ya yi ja. Yaya yana wucewa yana tsokana, "Sarkin gaggawa, yau kuma ina saurin?" Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ranar Juma'a Malama ta ɗaga jakar ta zuba fensir uku, suka shige daidai.

"Ja da baƙi! Wa ya ba ki wannan dabarar?"

"Ba dabara ba ce, Malama. Ɓarna na yi, na gyara."

Ta ba da labarin duka a gaban aji. Wasu suka yi dariya, ita ma ta yi. Wani yaro mai motar gwangwani ne ya zo na ɗaya, Auta ta zo ta biyu. Malama ta ce a tafa mata sau biyu, ɗaya don ɗinkin, ɗaya don gaskiyar.

Da ta koma gida ta ari wayar Yaya. Suka buɗe wurin da ta ƙi bari ya karanta. Mutum huɗu sun riga sun rubuta cewa mahujin yana lanƙwashewa. Auta ta rufe fuska don kunya. Sannan ta sa Yaya ya ƙara nata: "Allurai da zare suna da kyau. Mahujin ba shi da ƙarfi. A goge mai, a gwada a kan guntu tukuna."

Mahujin kuwa ba ta yar ba. Ta rataye shi a ƙusa, daidai saman kwandon, inda za ta riƙa ganinsa kullum.

Daga ranar Auta ta koyi darasi. Kafin ta sayi abu, tana tambayar wanda ya sani. Kafin ta yi aiki da sabon abu, tana gwada shi a kan abin da ba za ta yi kukan rashinsa ba.